Rabin Askin Likita

Tun ranar Talata hoton asibiti ya nuna cikin Auta na wata uku ya lalace, zuciyar ɗan ta tsaya. Sai dai doka ta hana yi wa mace wankin ciki sai likitoci biyu sun sa hannu, kada ya zamana zubarwa aka yi. Ɗaya ya sa. Na biyun ya tashi daga aiki da tsakar ranar Alhamis, wayarsa a kashe.

Yayarta, wadda ta rufe shagon ɗinkinta ta zo jinya, ta taɓa goshinta.

"Sai gobe ke nan," in ji nas.

"Gobe? Jikin nan kamar dutsen guga?"

Nas ta waiwaya, ta rage murya. "Duk Alhamis aski yake zuwa, shagon da ke jikin gidan mai. Ba a bakina kika ji ba."

Yaya ta suri fayil ɗin Auta ta fita.

Ta same shi a kan kujera, an ɗaura masa ƙyalle a wuya, an kwashe gefen dama na kansa tas, na hagu yana nan cunkus.

"Baiwar Allah, nan shagon aski ne," ya ce.

"Na gani, likita. Ni ma ba aski ya kawo ni ba."

"Ba na sa hannu a kan wadda ban duba ba. Ɗaure ni za a yi."

"To tashi ka duba ta."

"Minti goma, Anti," in ji mai aski.

Yaya ta zare wayar injin daga bango, ta ɗora wa likita fayil ɗin a cinya. Ya karanta awon zafin jikin, ya sake karantawa. Ya miƙe. Sai a bakin mota ya tuna da ƙyallen.

Kafin la'asar an gama. Da yamma zazzaɓin ya fara sauka. Auta ta farka ta yi kukanta, Yaya ba ta hana ta ba.

Likita ya shigo zagaye, hannunsa ɗaya a ka. Da zai ɗauki biro dole ya sauke.

Auta ta ƙura masa ido, ta jawo mayafin yayarta.

"Yaya, zazzaɓin ne, ko haka kansa yake?"

"Haka yake. Aikina ne."

Auta ta riƙe ciki tana dariya, ta farko tun Talata.

"A hankali," in ji likita. "Kuma don Allah wata ta ara mini hula."