Gilasan Rabi'atu a Ranar Garwa

A gidanmu, duk kayan da ya biyo ta Duwala sai an shanya shi. Goggo Kaltumi, yayar babanmu, ta yi imani cewa danshin kudu ko ƙarfe yana sa masa fumfuna, kuma ba a yi mata musu.

Ƙanwata Rabi'atu ta dawo daga Faransa ta wannan hanyar, da wani baƙin akwati cike da ƙananan gilasai. Shekarunta na karatu duk suna kansu. Ta bayyana min cewa an shafa musu wani sinadari mai siririn da ido ba ya gani, wanda ƙwayoyinsa ke jera kansu kamar sahun salla. In haske ya taɓa su, sai su juya su zama shuɗi. In aka ɗumama su, sai su koma fari. Wasu an haɗa su ta tsohuwar hanyar malaminta, wasu kuma sabon haɗinta ne. Mako mai zuwa za ta nuna su gaban malaman da za su ba ta digirin dokta ko su hana.

Muka tafi Ngong gaisuwar mutuwa. Da muka dawo da azahar, ga gilasan nan Goggo ta shanya reras a kan tabarma tare da zannuwa, sun sha ranar watan Maris sun yi shuɗi shar. Raina ya ɓaci, na fara yi wa Goggo faɗa.

Rabi'atu ta ce in yi shiru. Ta faɗa mana gaskiya: a ɗakin gwaji ƙaramar fitila take haska musu, ba ta taɓa yarda su ga rana irin wannan ba, kuma ƙarfin haske yakan kashe ƙwayoyin. In sun mutu, sai wata shekara.

Ta jera su a kan murfin tukunyar shinkafa da ke kan wuta don su ɗumama, ta rufe da kwano. Ni tsoro ya kama ni, ita kuwa har tambaya take ko akwai yaji.

Da ta ɗaga kwanon, waɗanda aka haɗa ta tsohuwar hanyar malaminta suna nan shuɗi, sun tashi daga aiki. Nata haɗin ya koma fari tas. Abin da ta daɗe tana gardama da malamin a kai ke nan, cewa nata ya fi juriya, amma ba ta da shaida sai yau.

Goggo ta leƙa, ta gyara mayafi.

"To, 'yar nan, in sun tambaya ki ce musu ni na shanya."