Sunan Aro

Matar da ke zaune a teburin ƙofa ta sake bin takardar da yatsa tun daga sama har ƙasa, sannan ta miƙa wa Malama katinta.

"Baiwar Allah, ki yi haƙuri. Ba kya cikin waɗanda aka gayyata, kuma sunan da ke katinki ba na gidan ba ne."

"Na mijina ne," in ji Malama. "Amma sunan da kuka rubuta a wancan ƙyallen, sunan mahaifina ne."

"Tun safe haka kowa ke ce mini. Ɗazu wani ya ce shi jikan ƙanen kakarsu ne. Na gaba!"

Malama ta ja gefe. Ajinta ta bar wa wata abokiyar aiki, ta hau bas biyu kafin ta iso wannan otal, ga shi an tsayar da ita kamar mai tallar goro. Ta ɗaga kai ta dubi ƙyallen da aka rataya a saman ƙofa. Fuskoki uku ne a jiki: Mai shari'a da rigarsa ta kotu, Mai labarai da murmushin nan da duk ƙasar ta sani, sai Kyaftin rungume da kofin ƙwallon da ƙungiyarsa ta ciyo shekara ashirin da suka wuce. A ƙasa an rubuta, "Gida ɗaya, taurari uku."

Wani ya yar da ɗan littafin taron karramawar a kan kujera, ta ɗauka ta buɗe. Wai su ukun 'yan uwan juna ne na jini, jikokin wani hamshaƙin attajiri mai manyan motoci goma sha biyu. Sai da dariya ta kufce mata. Mai sunan dai ko keke bai mallaka ba sai da ya haura arba'in.

Baba kafinta ne, kuma rabin rayuwarsa bencin makaranta ya buga. Gidansa na bayan firamare, katanga kawai ta raba su. A zamanin akwai wani hedimasta mai taurin kai wanda ba ya rubuta yaro a rajista sai wani babba ya tsaya a gabansa, kuma sunan wanda ya tsaya shi yake liƙa wa yaron, babu tambaya. Haka yara uku daga garuruwa uku, waɗanda aka ajiye a gidan Baba don su yi karatu, suka shiga aji da sunansa. Da shi suka ci jarrabawa, da shi suka yi suna a duniya. Malama daga baya aka haife ta, ita kaɗai Allah ya ba Baba, kuma a bayan waɗannan ukun ta girma.

Yanzu Baba na kwance a asibiti, gado na bakwai a ɗakin maza. Shekaranjiya likita ya ja ta gefe ya ce zuciyar ta gaji, duk wanda ya kamata a kira a kira shi. Tun daga lokacin, da ya buɗe ido tambayarsa ɗaya ce: "Yaran sun zo?" Yaran da ƙaraminsu ya ba hamsin baya. Ta kira lambobinsu har ta gaji, kullum wani sakatare ne zai ce za a isar da saƙo. Yau kuwa ga su duka a ƙarƙashin rufi ɗaya, tafiyar rabin awa daga gadon Baba.

Ta zagaya ta bayan ginin, inda ake ajiye motoci, ta samu inuwa ta tsaya. Ta san abu ɗaya da masu shirya taro ba su sani ba: gwiwar Kyaftin ba ta barinsa ya yi awa guda a zaune. Ba a jima ba kuwa sai ga shi ya fito ta ƙaramar ƙofa yana ɗingishi, ya dafa wata mota yana miƙe ƙafa. Ya yi ƙiba, furfura ta cinye gemun.

"Yaya," ta ce.

Ya juyo da fuskar da yake yi wa masu neman hoto. Sai fuskar ta saki.

"Auta? Ke ce? Me kike yi a rana? Me ya hana ki shiga?"

"An ce ni ba 'yar gidan ba ce."

Ya buɗe baki zai yi dariya, ya ga ba ta yi ba, ya fasa.

"Baba ne, Yaya. Kwanansa shida a asibiti. Likita ya ce a kira mutane, shi kuma ku yake kira. Ban zo roƙon komai ba, ƙafarku kawai nake so."

Kyaftin ya sunkuyar da kai. Can ya hango littafin a hannunta.

"Kin karanta wannan shirmen? Wallahi ba mu muka rubuta ba. Wani ɗan jarida ne ya fara, tun ina buga ƙwallo. Babu wanda ya gyara, har ya zama gaskiya."

"Ku uku, ba wanda ya san hanyar gidan jarida?"

"Auta, abin ya yi mana daɗi ne," ya ce a hankali. "In na shiga ofis a ce ƙanen Mai shari'a ne. Shi ma in ya je filin wasa a ce yayan Kyaftin. Jira ni nan."

Ya koma ciki. Ta ji tafi ya tashi, ya lafa, ya sake tashi. Da ya fito shi kaɗai ya fito, makullin mota a hannu.

"Babban Yaya shi zai yi jawabi a madadin iyali, ya ce da an tashi zai taho. Ɗayan kuma an zagaye shi da kyamarori, ko kusa da shi ban iya zuwa ba. Mu je."

Suka kama hanyar asibiti. Haushi ne ya cika ta, har da na Baban. Mutanen da sai sallah-sallah suke aiko direba da gaisuwa, su ne yake ta duban ƙofa dominsu, ita da ke juya shi tana goge masa baya ko sau ɗaya bai tambayi ko ta ci abinci ba. A ranta ta gama yanke cewa so yake ya ji an ce an gode kafin ya tafi, kuma ta ga ya cancanta, amma abin ya yi mata ciwo.

Sun tarar da Baba ido biyu, robar ƙarin ruwa a hannunsa. Hannun nan da ya sha guduma da zarto ya zama kamar na yaro. Kyaftin ya durƙusa a gaban gadon duk da gwiwar, ya kama hannun.

"Baba, ga ni. Ka yafe mana, mun yi laifi."

Baba ya daɗe yana dubansa. "Kai ne mai fasa mini gilashin taga. Ina sauran?"

"Suna hanya, Baba."

"To. Kai dai ka zo, bari in fara da kai." Ya ja numfashi. "Ni ne zan ce ku yafe mini. Ranar da na kai ku makaranta, aron sunana na ba ku, na ce in kun gama firamare a gyara. Ban koma ba. Da na fara jin ana kiran sunan a rediyo, sai daɗi ya kama ni, na yi shiru. Mutane sun haifi 'ya'yansu, ni ake ambata. Yanzu zan je in same su. Me zan ce musu?"

Malama ta zauna a bakin gadon. Kunya ta rufe ta.

"Baba, ai kai ka riƙe mu," in ji Kyaftin.

"Riƙo daban, haihuwa daban. Kai ka san ubanka, ka yi masa kuka da ya rasu. Babbanku ma ya san nasa. Amma na tsakiyar fa? Yana shekara huɗu ubansa ya faɗo daga rufin da muke bugawa tare, uwar kuma ta riga shi. Da ya yi wayo ya tambaye ni sau ɗaya, na ce ni ne ubanka, tafi ka yi wasa. Bai ƙara tambaya ba. Duk duniya yau ni kaɗai na san sunan mutumin nan."

Numfashin ya fara yi masa wuya. Malama ta dubi ƙofa, ta dubi Kyaftin. Shi kuwa ya riga ya ciro waya. Sau uku tana ƙara ba a ɗauka ba, a na huɗu muryar Mai labarai ta fito, a ƙasa-ƙasa, hayaniyar zaure a bayanta.

"Kai, muna kan dandamali, yanzu za a kira ni."

"Bari su kira. Ga Baba."

Ya kara wayar a bakin tsohon. Baba bai yi gaisuwa ba. Ya ce, "Ɗana, ka saurara. Mahaifinka kafinta ne kamar ni, ya fi ni iya aiki, kuma tsayinsa ka ɗauko. Ga sunansa." Ya faɗa, da nasa da na uban da ya haife shi.

Ta cikin wayar suna jin mai gabatarwa na kiran Mai labarai ya fito ya karɓi lambarsa, ya kira sau ɗaya, ya kira sau biyu, jama'a na tafi. Mutumin da ya shekara talatin yana karanta sunayen shugabannin duniya ba tare da harshensa ya sarƙe ba, da ya yi magana muryarsa rawa take.

"Baba, sake faɗa mini. A hankali."