Muryar Husainatu

Ban san muryar mahaifiyata ba. Ta rasu a Damagaram ina da shekara huɗu, kuma abin da na riƙe nata bai wuce wani zane shuɗi da ƙamshin turaren wuta ba. Sunanta Husainatu. Yayarta, Inna Biba, ita ta kawo ni Faransa da na girma, kuma ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka san ta sosai.

A watan jiya Inna Biba ta yanke shawarar komawa gida gaba ɗaya, bayan shekara talatin a unguwar Les Minguettes da ke Lyon. Tana haɗa kaya sai ta ga wani kaset a ƙasan akwati. A da haka matanmu ke aika wasiƙa. Mace ta zauna gaban rediyo, a danna mata maɓalli ja, ta yi ta gaisuwa da labari har kaset ya cika, a ba matafiyi. Babu suna a jikin wannan, amma Inna ta ce tana zaton na mahaifiyata ne. Ba ta da abin da za ta saka shi, sai ta aiko mini Paris.

Ina shara da goge-goge a wani ƙaramin wuri a Belleville inda ake haɗa sifikun da masu ɗaukar waƙa ke aiki da su. Akwai wani injiniya ɗan Zariya a wurin, Malam Nazir. Kwana uku kaset ɗin yana jakata kafin na iya yi masa magana. Ya juye mini shi cikin waya. Na saurara a kicin ɗin wurin, na ji mace tana magana da siririyar murya kamar ta sauro.

"Haka muryarta take, Malam?"

"Haba A'i, ai waya ba ta da ƙirji," ya ce. Ya ɗauko sifika guda ya ajiye gabana. "Dubi nan. Baki biyu gare shi. Babban na ƙasa shi ke fitar da kaurin murya, ƙaramin na sama shi ke fitar da kaifinta. Kowanne da injin ƙarfinsa a ciki. Wannan ramin na baya ta nan yake numfashi. Ba ya gyara murya, ba ya yi mata kwalliya. Abin da aka ɗauka shi zai ba ki."

Ya ce mu kunna a nan. Na ce a'a. Ko na ji, ba zan iya cewa ita ce ko ba ita ba. Inna ce za ta faɗa, kuma jirginta ranar Lahadi ne.

Ya roƙi mai wurin aka ara mini ƙanana guda biyu. Yana naɗe su yana maimaita mini: kamu ɗaya tsakaninsu da bango, daidai tsayin kunne, kada a ɗora musu komai, mai sauraro ya zauna a tsakiya.

Ranar Asabar da hantsi na sauka Lyon da su cikin jaka. Falon Inna duk kwalaye ne a ɗaure. Abin da ba ta taɓa ba shi ne bife ɗinta na gilashi, inda ta jera kwanonin langa da ta zo da su daga gida tun tana amarya. Ta ce su za ta naɗe a ƙarshe.

Da ta ga sifikun sai ta riƙe baki. "Kayan mutane masu tsada haka, ki ajiye a ƙasa? Kawo nan."

Ta matsar da kwanoni, ta tura su cikin bife har suka manne da katakon baya. Ta ɗauko ƙyallen kwarashi guda biyu da ta saƙa da hannunta, irin wanda take rufe talabijin da shi, ta lulluɓe kowanne har fuska.

"Yawwa. Yanzu sun zauna kamar baƙin kirki. Kunna."

Ban taɓa ce wa Inna ta yi kuskure ba. Na haɗa waya na kunna.

Abin da ya fito ya ba ni tsoro. Wata murya ce mai gunji, kamar ƙato yana magana cikin rijiya. Murafen langa suka hau kakkarwa, gilashi yana zuzu. Inna ta saurara kaɗan, fuskarta ta canza.

"Wannan ba Husainatu ba ce. Ko kaset ya lalace, ko na wata ce. Kashe, ɗiyata. Kashe kawai."

Muka zauna cin shinkafa da wake. Tana ta ba ni labarin wanda zai tarbe ta a Yamai, ni kuwa ina kallon bife. Na tuna gobe war haka tana sama, kuma ba wanda zan sake tambaya.

"Inna," na ce. Ban ɗaga kai ba. "Ba su iya numfashi a can."

"Su wa?"

"Sifikun. Ta baya suke numfashi. Kuma kin rufe musu baki."

Ta ajiye cokali ta dube ni. "Ikon Allah. Tun yaushe mai shara ta zama injiniya?"

"Ni ke goge su kullum, Inna. Ina jin abin da ake cewa."

"Ƙura fa? Kayan aro ne."

"Minti goma kawai."

Ta yi tsaki, amma ta ɗaga hannu. "Bon. Yi abinki mu gani."

Na fito da su daga bife. Na ja kwalaye biyu masu tsayi ɗaya zuwa gefen falo, na auna kamu ɗaya daga bango da hannuna. Na shimfiɗa tawul a kan kowanne, na ɗora sifika, na ɗan karkato fuskokinsu ciki. Na sa kujera a tsakiya. Da Inna ta zauna sai na ga kunnenta ya yi ƙasa, na ƙara mata matashi. Ƙyallen kwarashin na ninke na ajiye a cinyarta.

"Sai ka ce za a ɗauke ni hoto," ta ce.

Na kunna.

Da fari shuuu ne na tsohon kaset. Sai ƙarar taɓarya daga nesa, sai ƙyauren ƙarfe ya yi ƙara. Sai mace ta yi gyaran murya, kusa, kamar tana zaune a kan kwalin da ke gabanmu.

"Salamu alaikum, Yaya Biba. Ina kwananku? Ina sanyi?"

Murya ce mai ɗan kauri, tana jan ƙarshen kalma, da dariya a ƙarƙashinta.

"Lafiya lau," in ji Inna. "Lafiya lau, Husai." Ta amsa kamar yadda aka saba amsa wa kaset a da, kowace gaisuwa da amsarta. Aka tambaye ta gajiya, ta ce babu gajiya. Hawaye na zuba kan kwarashin, ba ta share ba.

"Ƙyauren gidan Baba ne wancan," ta ce mini ba ta juyo ba. "Shekara nawa ana cewa za a sa masa mai."

Can sai muryar ta ɗan yi nisa. "A'i, zo ki gaida Inna. Zo mana. Kin ga, Yaya, ta ɓuya bayana. Yarinyar nan ko rediyo kunyarsa take ji."

Inna ta yi dariya har da tari. Ni ina tsaye a gefe, jikin taga, inda sautin ke zuwa mini rabi-rabi.

"Ita ce, Inna?"

"Ita ce. Har yadda take haɗiye miyau." Ta miƙe da ƙyar, ta kamo hannuna. "Ke kika ce a tsakiya ake zama. Mayar da shi farko."

Na zauna a kan matashin da ɗuminta bai huce ba. Ta tsaya bayana, hannunta a kafaɗata. Taɓarya ta fara, ƙyaure ya yi ƙara, mahaifiyata ta yi sallama.

"To, amsa mata mana," in ji Inna.

Na amsa.