Wayar Ba Lombe

Allurar tana kaiwa tsakiyar reshen da take surfawa sai ta haukace. Ta yi tsalle gefe, ta zuba ɗinki barkatai, sannan injin surfanin ya yi ƙara ya tsaya cak. Jan rubutun nan ya sake fitowa a fuskar tsohuwar kwamfutar.

Bana Kasonde, wato uwar Kasonde a harshensu, ta dafe kai. Gobe matan dangi za su ɗauki tukwanen girki a ka zuwa gidan angon 'yarta Kasonde, kuma farin ƙyallen da za a rufe babbar tukunya da shi ɗaya tak ya rage mata, sauran injin ya cinye. Zanen kuwa, reshen mangwaro da tsuntsaye biyu, mijinta Lombe, wanda ake kira Ba Lombe don girmamawa, shi ya yi shi a kwamfutar kafin ya rasu, ya ce na bikin Kasonde ne.

Ta ƙwala wa maƙwabcinta Ba Sichone kira, mai gyaran rediyo da kwamfuta. Ya rage saurin aiken, ya gwada a tsumma, allurar ta sake yin nata wuri.

"Kwamfutarki garau take, gaggawa ce ta yi mata yawa," in ji shi. "Ɗura wa injin saƙo take kamar mai cika kwalba da bokiti, rabi a ƙasa." Ya leƙa baya, ya zaro wayar da ta haɗa kwamfutar da injin, mai haƙora tara a kai. "Wannan ba ta marigayi ba ce."

"A kasuwa na saya. Sabuwa dal."

"Sabuwa, amma kurma. Tasa da hannunsa ya haɗa, a ciki akwai zaren da ta cikinsa injin yake ce wa kwamfuta ta dakata ya haɗiye. Ni ban san yadda ya jera su ba. Tana ina?"

Ta sani sarai. Ranar da dangi suka raba kayan mamaci, wansa Ba Kangwa ne ya ɗauki akwatin kayan aiki, wayar tana ciki. Ita kuma ranar bakinta bai da linzami, ta gaya masa waɗanda kare ba zai ci ba. Tun daga nan ko gaisuwa ba ta sake haɗa su ba.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ta hau ƙaramar bas zuwa unguwar Chimwemwe, tana ta shirya jawabi a zuci, rabi ban haƙuri, rabi faɗa. Da ta tarar da shi a tsakar gida, ko ɗaya bai fito ba. Ta durƙusa ta tafa hannu ta gaishe shi, ta faɗi abin da ya kawo ta a gaggauce.

"Mai kai kamar na ƙadangare?" Ya nuna akurkin kaji. Ga ta nan, an ɗaure ƙofa da ita tamau. "Ai ni igiya na ɗauke ta!"

Yana kwancewa kaji suka watse cikin unguwa. Bai ko waiwaya ba, ya goge wayar da gefen rigarsa, ya saka takalmi.

"Yaya, kajinka fa?"

"Su sun san hanyar gida. Mu je."

Da suka iso, Ba Sichone ya kankare kashin kajin da ke haƙoran, ya jona. Bana Kasonde ta ɗora farin ƙyallen. Allurar ta kama aiki, ta kai tsakiyar reshen, ta tsaya.

"Wayyo!" in ji ta.

"Bar shi, haɗiya yake," in ji Ba Sichone.

Allurar ta ci gaba kuwa. Reshe ya fito, ganye ya fito, sai tsuntsaye. Ba Kangwa ya sunkuya ya daɗe yana kallo.

"Tun muna yara haka yake zana tsuntsu," ya ce. "Ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Malaminmu ya buge shi har ya gaji."

Ta yi dariya hawaye yana zuba. Godiya ta cika mata ƙirji har ta rasa wa za ta fara yi wa.

"Yaya, Kasonde ba ta da uban da ya wuce ka. Gobe kai za ka sa mata albarka kafin tukwane su fita."

Ya gyaɗa kai, ya share fuska, ya miƙe.

"To, sai ki ba ni abin da zan ɗaure akurki."

Ta ɗauko sabuwar wayar, ta naɗe ta da kyau, ta miƙa masa da hannu biyu.