Hannun Kulocin Baba

Tun da Baba ya kwanta jinya a farkon damina babur ɗinsa yake jingine a zaure, kaji na kwana a ƙarƙashinsa. Tsohon babur ne, ya girmi 'yar Baba, Zuliha. Danshi ya shige shi, tsatsa ta ci zoben fitila da murfin tanki da hannayen birki da kuloci. Har an sami masu zuwa dubiya da suka ƙare da tambayar ko na sayarwa ne, kamar mai shi ya riga ya tafi.

Tambayar nan ce ta tsaya wa Khalilu, yayan Zuliha, a rai. Da Baba ya fara takawa zuwa masallaci, sai ya ce zai sa babur ɗin ya yi ƙyallin da duk ƙauyen za su san Malam Usaini zai sake hawa abinsa. Sababbin kaya sun fi ƙarfinsu a wannan tsadar, ga su ba ƙwari. Amma ya ji labarin wani Ado a kasuwar Bici, mai karɓar ƙananan ƙarafan babur ya kai Kano a yi musu wankin kurom, wato a kankare tsatsa a lulluɓe su da ruwan ƙarfe mai ƙyalli kamar azurfa. Kuma da araha.

"Me ya sa nasa ya fi na kowa araha?" in ji Zuliha.

"Tarawa yake yi da yawa ya kai gaba ɗaya."

"In ya tara da yawa, ta yaya yake gane na wane da na wane?"

"Ke dai Malama, ko ruwan randa sai kin tambaye shi daga wace rijiya yake."

Tana kallo ya kwance kayan ya zuba a tsohon buhun taki.

Bayan sati biyu ya dawo da su a naɗe cikin jarida, ya baje a tabarma a tsakar gida. Inna ta riƙe baki, ta ce sai ka ce jeren amarya. Zuliha ta durƙusa tana ɗagawa ɗaya bayan ɗaya. Da ta zo kan hannun kuloci sai ta tsaya tana juya shi. A miƙe yake sambal.

Na Baba ba haka yake ba. Shekarun baya injin casar gero ya cinye masa manuniya da ta tsakiya a hannun hagu. Gajerun yatsun da suka rage ba sa kaiwa ga kuloci, shi ne Yuguda maƙeri ya lanƙwasa masa ƙarfen ya matso kusa da mariƙi. Da wannan lanƙwasar yake zuwa gonarsa ta fadama, da ita yake zuwa suna da ta'aziyya.

Khalilu ya ɗaura kayan, aka kira Baba zaure. Ya zagaya babur ɗin yana murmushi, ya kama mariƙi, ya miƙa yatsunsa. Suka shafi iska. Ya sake miƙawa, ƙaramin yatsan ya taɓo ƙarfen ya zame. Ya sauke hannun ya sa a aljihu.

"Allah ya yi muku albarka," ya ce, ya koma ciki.

Zuliha ta jira har ƙarar takalminsa ta ɓace.

"Yaya, wannan ba namu ba ne."

"Na gani."

"An ce tsofaffin ƙarafan nan nemansu ake yi ido rufe. A karɓi naka mai ƙwari, a ba ka na zubi mai ƙyalli."

"Wa ya ce?"

"Kowa ya sani." Ta sunkuyar da kai, sannan ta ƙarasa a hankali. "Ran nan na ga mai sayen tsofaffin ƙarafa ya tsaya da kai a bakin hanya."

Khalilu ya kafe ta da ido.

"Ni kike nufi?"

"Ban ce ba."

"Gara ki ce. Shirya, ranar kasuwa tare za mu je."

Ranar kasuwa suka hau motar Bici. Rumfar Ado tana can bayan masu facin taya. Gajere ne mai yawan dariya, ya rataye madubai da zobban fitila suna ɗaukar ido. Zuliha ta lura da wani kwando a ƙarƙashin tebur, cike da hannayen birki da kuloci masu tsatsa, an rufa masa buhu bai rufu duka ba.

Khalilu ya ajiye hannun kulocin a tebur.

"Malam Ado, namu a lanƙwashe yake."

"Ƙwarai kuwa! Ai na gane shi. Na ce wannan bawan Allah ya sha faɗuwa. Kafin in kai wanki na sa aka buge muku shi ya miƙe. Ban ma sa muku a kuɗin aiki ba, alheri na yi."

"Wa ya sa ka?"

"Wa zai sa ni? Ka taɓa ganin an kai wa tela riga a yage ya mayar da ita a yage? Ka ce mini a bar shi haka?"

Zuliha ta san Khalilu bai faɗa ba. Ba ya son zancen hannun Baba a gaban baƙi, tun suna yara.

Ta ja mayafinta, muryarta ta fito ƙasa-ƙasa. "Waɗancan na cikin kwandon fa?"

"Na mutane ne, Hajiya, masu jiran tafiya Kano."

"Zan iya dubawa?"

Dariyar Ado ta ɗan tsaya. Ya jawo kwandon da ƙafa ya juye shi a ƙasa. "Bismilla. In kin ga naku ki haɗa da rumfar."

Ta tsuguna ta tona, mutane sun fara tsayawa kallo. Babu lanƙwasasshe ko ɗaya. Amma wanda ya sayar da abu tun wancan satin, me zai sa ya bar shi a kwando? Kuma amsar tasa ta zo da wuri ƙwarai, kamar ya saba bayar da ita. Ta miƙe tana karkaɗe hannu, ba ta ba shi haƙuri ba, shi ma bai nema ba.

Da suka sauka a mota ba su shiga gida ba, suka zarce maƙerar Yuguda. Tsohon yana zaune gaban wuta yana gyaran lauje. Ya karɓi ƙarfen ya juya shi, ya auna nauyinsa a tafin hannu.

"Baba Yuguda, shi ne wanda ka lanƙwasa?" in ji Zuliha.

"'Yar nan, an sa masa riga. Ni kaina in aka sa mini irin wannan rigar, matata ba za ta gane ni ba." Ya ajiye shi a kan uwar maƙera. "Wuta ce kawai za ta faɗa. In tsohon ne, zai bi hannuna kamar da. In na zubi ne, zai karye ko ya narke, ku rasa miƙaƙƙen ma. Ko wanne ne kuma, ƙyallin nan ya tafi."

Khalilu ya kalli ƙarfen. Geron da ya sayar saboda wankin nan ba kaɗan ba ne a wannan shekarar.

"In ya karye," ya ce, ba tare da ya dubi ƙanwarsa ba, "wata za ta ce ni na sayar."

"In ba a sa ba, Baba ba zai hau ba," in ji Zuliha.

"Sa shi, Baba Yuguda," in ji Khalilu.

Tsohon ya kama shi da awartaki ya tura cikin gawayi, ya ja zuga-zugi. Ƙyallin ya dushe, ya koma ruwan ƙasa, ya koma shuɗi, sannan ya yi baƙi. Da tsakiyar ta yi ja ya fito da shi, ya ɗora a gefen uwar maƙera, ya ɗaga masaba. Zuliha ta runtse ido.

Ba ta ji ƙarar karyewa ba. Bugu ne mai taushi, ɗaya bayan ɗaya. Da ta buɗe ido ƙarfen ya rusuna, ɓawon kurom yana zuba kamar ƙaiƙayi.

"Ga shi nan, har tabon masabata na wancan karon," in ji Yuguda, yana nuna wani ɗan lotso da wuta ta tono. "Mai rumfar nan bai cuce ku ba. Karambani ne ya yi masa yawa."

A hanyar gida Zuliha ta ce, "Yaya, ka yi haƙuri."

"Mai tsofaffin ƙarafan nan, garmarmu da ta karye yake tayi," in ji Khalilu.

"Ai da ka faɗa."

"Ai da kin tambaya."

Da la'asar aka fito da babur ƙofar gida. Komai na ƙyalli sai hannun kulocin, baƙi ƙirin, a lanƙwashe. Baba ya kama mariƙi, yatsun nan biyu suka faɗa gurbinsu, ya matse ya saki, ya matse ya saki. Maƙwabcinsu Malam Basiru, ɗaya daga masu tambayar ko na sayarwa ne, ya leƙo daga zaurensa.

"Malam, an yi wanka an bar ƙafa ɗaya?"

"Ita ce mai tafiyar," in ji Baba. Ya buga, babur ya yi tari ya tashi.

Zuliha na tsaye bakin ƙofa. Idonta na kan murfin tanki. Kamar na da yana da 'yar tsaga a gefe, wannan kuwa ba ta ganin ta. Ta buɗe baki, Khalilu ya harare ta.

"Shi ma a kai shi wuta?"

Ta rufe bakin. Baba ya saki kuloci a hankali, ya bi siririyar hanyar da ta ratsa tsakanin gonakin dawa zuwa fadama.