Hoto Ashirin da Huɗu a Bakin Taga

A shagon mai kitso Kaka ta fara jin maganar. Wai akwai wata ƙwaya da likitocin fata ke bayarwa, ba kuraje kaɗai take kashewa ba, har tabon da suka bari take shafewa.

"Ai ga yarinyar shagon takalma nan a ƙarshen layi," in ji mai kitso, tana tsaga kan wata. "Da kin ganta bara sai kin kau da kai. Yanzu fuska sumul, kamar ta jariri."

 Shekara talatin da ɗaya Kaka ta yi a ɗakin gwajin jini na asibiti, kuma abin da ta fito da shi ke nan: duk maganar da ta fara da "wai", sai an shafa ta a gilashi an duba.

Da ba za ta damu ba, amma jikarta ce ke shan ƙwayar. Yarinyar malama ce a ajin farko na firamare, karatu take koyarwa, kuma tun da ta kama aiki ba ta taɓa shiga aji babu takunkumi a fuska ba, saboda kuraje da ramukan da suka bar mata. Shugabar makaranta ta yi haƙuri har ta gaji. Ta ce yara ba za su iya furta baƙaƙe ba in ba sa ganin bakin malama. Ko a cire takunkumin kafin sabon zango, ko a ba wata ajin. Jikar ta roƙi a ba ta wata shida, har maganin ya gama aikinsa.

Sai Kaka ta manna salatif a ƙasan kicin, daidai inda ƙafafun kujera za su tsaya. Kowace Asabar ƙarfe goma, lokacin da haske ke shigowa ta gefe, sai ta zaunar da yarinyar ta ɗauke ta hoto.

"Tsohuwa, an sallame ki daga aiki amma ba ki daina gwada mutane ba."

"Juya hagu, ƙawata. Kuma bar murmushin nan, yana jan fata."

"Wa ya ce miki murmushi nake? Leɓena ne ya tsage."

Ya tsage kuwa. Maganin ya busar da ita ƙarƙaf: leɓe yana ɓawo, ido yana ƙaiƙayi, wani lokacin haɓo ya ɓalle tana tsakiyar duba littattafan yara. Duk wata ana ɗibar jininta, Kaka kuma sai ta karance takardar sakamakon kafin likita ya gani. Iyakar abin da take iyawa ke nan, wannan da miƙo kwalbar basilin.

A wata na uku kurajen suka daina fitowa. Baƙaƙen tabon ma suka fara dushewa. Yarinyar ta riƙa ɗaukar kanta hoto tana fuskantar fitila, ta kawo da gudu.

"Kaka, kalli! Wallahi ramukan suna cikewa."

"Kin yi kyau," Kaka kan ce, don wannan ba ƙarya ba ne.

Amma ta san hasken da ya daki fuska gaba da gaba ba ya barin inuwa, rami kuwa da inuwarsa ake ganinsa. Ta kai nata hotunan aka wanko mata, ta jera su a kan gado, ta sa tabarau. A kumatun hagu, makon farko, ramuka goma sha bakwai. Mako na goma sha shida ta ƙirga sau uku, tana fatan idonta ne ya tsufa.

Washegari ta taka har shagon takalma. Ta gwada takalmi ƙafa huɗu ba da niyyar saye ba, tana kallon yarinyar da ta durƙusa a gabanta. Fuska sumul, mai kitso ba ta yi ƙarya ba.

"'Yar nan, kina da hotonki na da?"

"Kai, Mama, za ki tsorata fa." Ta lalubo a waya tana dariya.

Kaka ta buɗa hoton da yatsu biyu, ta bi shi lungu-lungu. Kuraje jajir, tabo baƙi ƙirin har wuya. Rami ko ɗaya babu.

Ta dawo gida a hankali, ba don gwiwa ba. Ta sha ba mutane sakamako marar daɗi, amma a ambulan, ta taga, kuma ba ta kwana gida ɗaya da su. Makonni takwas ta ci gaba da jan kujera zuwa kan salatif, tana ɓoye wa jikarta abin da ta ƙirga.

Ranar Asabar ta ƙarshe, saura kwana biyu a koma makaranta, jikar ta zauna a kujerar ba a ce mata ba. Likita ya tsayar da maganin. Ya ce na kuraje ne kuma ya yi aikinsa; ramuka wani aiki ne daban, sai fata ta huta, kuma bai yi alkawarin komai ba.

"Tsoro ne kawai irin na likitoci," in ji ta. "Akwai mai kemis da zai ba ni ba takarda. Wata uku kacal zan ƙara. Zan roƙi shugaba ta ƙara mini zango ɗaya."

"Ba gwajin jini?"

"To ya zan yi, Kaka? Yara ba sa ɓoye abin da suka gani." Ta murza igiyar takunkumin a yatsa har yatsan ya yi fari. "Ke kika riƙe hotunan. Ke ba kya yi wa mutum ƙarya. Suna cikewa, ko?"

Kaka ta ɗauko na farko da na makon jiya, ta ajiye su gefe da gefe a kan tebur, inda hasken tagar ke sauka. Ta nemi wata hanyar faɗa, ba ta samu ba.

"Kurajen sun tafi," ta ce. "Baƙin ma ya tafi. Ramukan goma sha bakwai ne da muka fara, yau ma goma sha bakwai ne."