Kwanon Gidan Abu Nimr

Abu Nimr ya janye tukunyar da ta cika daga ƙarƙashin yoyon rufinsa na kwano, ya tura bokiti a gurbinta, kamar ba da shi injiniyar hukumar agaji take magana ba. Maisun sunanta. A lungun bayansu aka haife ta, shi ya sa furfurarsa ba ta ba ta tsoro.

"Baba, layi fa ya zo kanku. Mu cire kwanon nan mu zuba muku dekin na siminti. In ka sake cewa a'a, gidan gaba zan wuce, kuma ban san ranar dawowa ba."

"Ki wuce mana. Na riƙe miki ƙafa ne?"

Babu wanda bai san taurin kan tsohon nan a kan rufinsa ba. A tanti aka haife shi a wannan sansani na 'yan gudun hijira, bayan an koro iyayensa daga ƙauyensu a Falasɗinu. Da aka raba kwano, da ƙyar ubansa ya karɓa. Ya ce kwano dai wuni guda ake kwance shi, amma duk wanda ya zuba siminti a kansa ya yarda ba zai koma gida ba ke nan. Uban ya rasu, maƙwabta suka yi ta ɗora bene kan bene har rana ta daina leƙo lungun, gidan Abu Nimr ya rage a tsakiyarsu kamar rijiya. Ruwan kowa a kansa yake sauka.

Suhaila, matar ɗansa, ta fito daga ɗaki da ɗanta Basil a kafaɗa. Yaron ko makaranta bai isa shiga ba, amma ƙirjinsa na kuka kamar na tsoho.

"Baba, likitan hukuma ya ce in daina wahalar da ƙafata. Wai maganin shaƙa ba ya busar da bango."

"Ni ma a nan na girma, ban mutu ba."

"Lokacin akwai rana a lungun nan," in ji ta, a hankali.

Basil ya kama tari. Ya yi ta yi har leɓensa ya sauya launi, ya miƙa wa kakansa hannu. Abu Nimr ya karɓe shi, ya ji ƙirjin yana ta kai-kawo a jikin nasa, sai tsoro ya kama shi, irin wanda bai ji ba ko a shekarun luguden wuta. Ya daɗe yana kallon kwanon da ubansa ya buga da hannunsa.

"Ku zuba," ya ce.

Maisun ba ta bari ya sake tunani ba, ta leƙa waje ta kira Abu Shadi magini, wanda tun ɗazu yake fake a bakin ƙofa. Ya shigo yana karkaɗe ruwa.

"Allahu Akbar! Yau na ga abin da ubana bai gani ba. Baba, in kira liman ya shaida?"

"Yi awonka ka tafi, sarkin surutu."

Abu Shadi ya auna bango yana dariya. Har ya kai ƙofa ya juyo.

"Af, na manta. Rodin ginshiƙan, in bar su tsaye a sama kamar na kowa? Ranar da Basil zai yi aure sai a ɗora masa ɗaki."

Suhaila ta sunkuyar da kai. Abu Nimr ya tuna ubansa ya sha rantsuwa cewa a ƙauye za a yi masa aure, a gindin zaitun. A ƙarƙashin kwanon nan aka yi. Na ɗansa ma haka. Ya dubi yaron da ya fara gyangyaɗi a ƙirjinsa.

"Bar su," ya ce. "Amma ka lanƙwasa su ƙasa, kada in riƙa ganinsu."